"Ai hoto kawai na ɗauka": ɓarnar da masu yawon bakin teku ba sa gani

A watan Yulin 2022 ƙungiyar National Trust ta hana baƙi sauka a tsibiran Farne da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila, bayan murar tsuntsaye ta ɓarke. A shekarar kaɗai ma'aikata sun kwashe gawar tsuntsaye kusan 6,000. Sai a 2024 aka sake buɗe ƙofa, masu kyamara suka koma cika jiragen ruwa daga garin Seahouses, tsakanin Mayu da Yuli, lokacin da tsuntsayen teku ke hawowa tudu su yi ƙwai.

Cuta kowa ya yarda tana kisa. Abin da mutane ke musu a kai shi ne igiyar da ake shatawa a gefen hanya don kada baƙi su matsa kusa da tsuntsaye. Sai ka ji mutum yana cewa bai taɓa tsuntsu ba, bai jefe shi ba, matsawa kawai ya yi don hoton ya fito.

To, matsawar ita ce ɓarnar. Tsuntsun fafin, mai baki ja da rawaya irin na aku, ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara, cikin ramin da ya haƙa a ƙarƙashin ciyawa. Wanda ya sauka daga hanya yana iya rufta ramin da ƙafarsa bai ma sani ba. Tsuntsuwar gilimot kuwa ba ta yin sheƙa. A kan tsuran dutse take ajiye ƙwanta ɗaya, ta tallafe shi da ƙafafu. Idan aka firgita ta ta tashi, ƙwan ya gangara, ko manyan tsuntsayen gal da ke shawagi su sure shi. Duk mai kiwon kaji ya san abin da ke faruwa idan yaro ya kori kaza daga 'yan tsakinta alhali shirwa na sama. Mai hoto ya tafi da hotonsa, uwa ta yi asarar shekara guda.

Shi ya sa dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu, har ɗaukar hotonsu a can sai da lasisi. Cikinsu akwai wani jinsin tsuntsun tan da ke ƙyanƙyasa a tsibirin Coquet na Ingila, ya yi hunturu a gaɓar Ghana. Ashe ƙwan da ya tsira a Ingila shi ne tsuntsun da masunta za su gani a Afirka ta Yamma.

Hukumomi na kafa alluna, amma allo ba ya riƙe ƙafar mai neman yabo a Instagram. Idan tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba maka ido, ka riga ka matso da yawa. Ja da baya, ka ɗaure karenka, kada ka taɓa mataccen tsuntsu, ka bar kyamara ta jawo maka nesa kusa.