Dutsen da ke da wuta a ciki, ƙanƙara a kai

Ɗan'uwa mai karatu, ka san manyan duwatsun Damagaram, na Birni da waɗanda ake fasawa a Kara-Kara. Da can narkakku ne. Sun huce ne sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suka yi tauri haka. Amma a wasu wurare narkakken dutse yakan huda ƙasa ya fito, kamar yadda talge ke tsartuwa daga tukunya. In ya huce, wani ya sake fitowa ya hau kansa. Haka tudu ke girma har ya zama dutse mai aman wuta.

Mafi tsawo a Afirka shi ne Kilimanjaro, a ƙasar Tanzaniya. Tsawonsa mita 5,895. Bagazam na Ayar, mafi tsawo a Nijar, ya ɗan wuce mita 2,000 ne kawai. Kawuna uku gare shi: Shira, Mawenzi da Kibo. Biyu na farko sun mutu. Kibo barci yake yi, don har yanzu tururi mai warin farar wuta na fita daga raminsa.

To, yaya wuta da ƙanƙara suka haɗu wuri guda? Wutar tana can ƙasa da nisa. Sanyin kuwa daga tsawo yake. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. A can ƙoli, ruwan sama kan sauko fari kamar auduga. Ana ce masa dusar ƙanƙara. Ta bana ta danne ta bara, shekara bisa shekara, har ta daskare ta zama katanga mai sheƙi, ta fi soro tsawo. Da hantsi, in gajimare ya yaye, sai ka ga farin kan dutsen kamar yana rataye a sama. A 1848 wani Bajamushe, Rebman, ya ba da labarin ya gan shi. Masana da yawa a Turai suka ƙaryata shi, wai ba a ƙanƙara a ƙasar zafi!

Mai hawa yakan fara ratsa gonakin ayaba da kofi na ƙabilar Caga. Tokar dutsen ce ta ba ƙasarsu albarka. Sai kurmi mai duhu, inda ƙoramu ke tasowa. Daga nan ciyawa, sai fako da tsakuwa kamar hamada, sannan ƙanƙara.

Sai dai katangar tana ƙarewa. Daga 1912 zuwa 2011, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar ya tafi. Dusar da ke sauka ta ragu, iska ta bushe, rana kuma tana cin ta dā. Abin da ya rage yanzu guntaye ne a gefen ramin Kibo.