Kowace na'ura da lambar rumfarta

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela da Birnin Konni, shago ɗaya kan tara kwamfutar lissafi, na'urar buga rasit, kyamarar tsaro da wayoyin yaran shago, duk a jone da akwatin rarraba intanet, wato rauta. Kukan da muka fi ji shi ne: an ɗauke wuta, an dawo da ita, kwamfuta ta ce ba ta ga na'urar buga rasit ba, ga mai saye tsaye, ga direba yana jiran takardar kaya. Sai a kira mai gyara a biya shi, alhali babu abin da ya lalace. Adireshi ne ya canja.

Kowace na'ura tana da lambar da ake kira adireshin IP, kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.20. Mu ɗauke shi kamar kasuwa: kashi ukun farko sunan layi, na ƙarshe lambar rumfa. Idan an rubuta 255.255.255.0 a gurbin da ke ƙasan adireshin, layin yana ɗaukar rumfuna 254, daga 1 zuwa 254, kuma rauta kan riƙe lamba 1. Tun 1994 aka keɓe lambobin da ke farawa da 192.168, da 10, da 172.16 zuwa 172.31 don amfanin cikin gida, saboda haka ba a sayensu, kuma ba laifi in maƙwabcinka yana amfani da irin naka a tasa rautar.

Rauta tana raba lambobi da kanta ta wani tsari mai suna DHCP, amma aro take bayarwa. Na'urar da ta samu 105 jiya tana iya tashi da 108 yau, kwamfuta kuwa tana can tana sallama a tsohuwar rumfa. Shawararmu ita ce a raba layin biyu. A shiga shafin rauta a taƙaita rabonta daga 100 zuwa 200, don wayoyi da baƙi. Na'urar rasit a ba ta 10 da hannu, akwatin kyamara 20, kwamfutar lissafi 30, a rubuta a takarda a manna jikin kowace. Kada biyu su haɗa lamba ɗaya, domin za su yi ta katse juna. In kuma ka ga adireshi ya fara da 169.254, na'urar ba ta samu rauta ba ne. A duba waya tukuna.

Akwai matsalar da ta fi damun mutanen iyaka. Da yawa suna ajiye rauta biyu, ɗaya da layin Najeriya, ɗaya da na Nijar, a koma wadda ta fi ƙarfi. To ƙananan na Huawei galibi 192.168.8.1 suke zuwa da shi, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka ga layi ya bambanta ke nan, na'urar da aka kafe a wancan ba za ta amsa a wannan ba. A saita duka biyun a kan lamba ɗaya da rabo iri ɗaya, sannan a riƙa kunna ɗaya kawai a lokaci guda.

Tunda an shiga shafin, a canja kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani. Yaran kasuwa da dama sun san ta.