Kwamfuta ba ta aikin komai amma furosesa na zafi: ina matsalar take?

Core i5-2500K, furosesar da Intel ya fitar a 2011, har yau tana cikin kwamfutocin tebur da yawa na hannu. Asalin gudunta 3.3GHz ne, amma da yake a buɗe take, masu son ƙarin ƙarfi kan tura ta zuwa 4.5GHz ta cikin BIOS. Sai dai bayan an ƙara gudun, wasu kan tarar tana nuna digiri 55 ko 60 alhali ba a buɗe wata manhaja ba. Idan tun tana hutawa ta kai haka, da an ɗora mata aiki mai nauyi za ta doshi iyakarta ta digiri 98, inda take rage gudu da kanta don kada ta lalace. Shi ke nan an yi asarar gudun da aka sha wahala a kai.

Wuri na farko da ake dubawa shi ne wutar da ake ba ta. Yawancin masu ƙara gudu kan kafe boltej a lamba ɗaya, misali 1.35V, su kuma kashe SpeedStep da C-States don neman daidaito. Hakan na hana furosesa sauka. A ƙa'ida, idan babu aiki 2500K kan koma 1.6GHz, wutarta ma ta ragu. Manhajar CPU-Z za ta nuna gaskiya: idan gudun ya tsaya cak a 4.5GHz, a koma BIOS a kunna waɗannan biyun, a sauya boltej zuwa tsarin Offset, wanda ke barin wutar ta bi nauyin aiki. Bayan haka a gwada da Prime95, domin idan aka rage wutar da yawa kwamfuta kan ɗauke ko tana hutawa.

Na biyu shi ne Windows. Tsarin wuta na High performance kan riƙe furosesa a kashi 100 na gudunta. A mayar da shi Balanced. Sannan a leƙa Task Manager, don sabunta Windows ko wata manhaja da ke aiki a ɓoye kan hana ta hutawa.

Idan duk wannan daidai ne, saura abin da hannu ke taɓawa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya yana bushewa da shekaru. A goge tsohon da giyar goge kaya ta isopropyl, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a tabbatar ƙafafu huɗun sun zauna daram. Ƙurar hunturu kuma kan toshe ƙarfen har iskar fanka ta kasa ratsawa.

Akwai kuma zafin ɗaki. Fanka ba ta iya sanyaya furosesa ƙasa da iskar da take ja. Digiri 35 da ake gani a bidiyon Turawa a ɗaki mai digiri 22 aka auna shi. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, inda zafi ke wuce 40, digiri 50 ba abin tayar da hankali ba ne. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da na furosesa. Idan ta kai 25 ba tare da aiki ba, akwai gyara.