Irin ciyawa na rumbun bincike: wanne zai amfani makiyayan Zebilla?

Daga Nuwamba zuwa Afrilu, makiyayan Zebilla da Bawku na fama da ƙarancin abincin dabbobi. Ciyawa ta bushe, wutar daji ta cinye saura, sai a koma ga harawar wake da ta gyaɗa.

A Addis Ababa, cibiyar ILRI na ajiye nau'ukan irin ciyawa fiye da 18,000 a rumbun da aka kafa a 1983, ciki har da kulofa, wata tsiro 'yar gidan wake mai ƙara wa ƙasa taki.

Ajiya kaɗai ba ta ƙosar da saniya. Masu bincike sukan duba ko irin zai tsiro, su shuka shi a ƙananan filaye, su auna yawan ganye, furotin, jure fari da yadda dabbobi ke cinsa.

Kulofar Afirka ta fi son sanyin tsaunukan Habasha, zafin Zebilla ya yi mata yawa. Istailo, wanda aka shuka a filayen ajiyar kiwo na Fulanin Kaduna a shekarun 1980, da lablab sun fi dacewa. Kafin a raba wa makiyaya kowane iri, sai an gwada shi a ƙasarsu.