Ba a Sanin Masara Sai an Ɓare Ta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da malaman makarantu a kan yadda ake zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon kwando.

Bara na ga wani malami ya jera yara jikin bango, ya auna su, ya kwashe dogaye, ya sallami sauran ba wanda ya ba ƙwallo ya taɓa. Abin ya dame ni ƙwarai, gama mu nan Dandume manoma ne, mun san ba tsawon kara ke cika buhu ba.

A Amurka, kowace shekara masana sukan duba samarin da za su shiga jami'o'i, su ba kowa taurari gwargwadon bajintarsa, mafi ƙwarewa taurari 5. Sa'an nan su lissafa jami'ar da ta fi samun gwanaye. Dabarar tana da amfani, amma takan yi kuskure. Stephen Curry manyan jami'o'i sun raina jikinsa, sai wata ƙaramar kwaleji, Davidson, ta karɓe shi a 2006. A 2008 ya kai ta cikin takwas na ƙarshe a gasar ƙasa duka.

Ga kuma ɗan ƙasarmu, Hakeem Olajuwon. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma ƙwallon hannu, bai kama kwando ba sai da ya zama saurayi. Da ya je Jami'ar Houston a 1980, shekararsa ta fari ko wasa ɗaya bai buga mata ba. Amma a 1984 shi aka fara ɗauka cikin gasar NBA, ya ci kofinta a 1994 da 1995. Da an yanke masa hukunci a shekarar fari, da an yi hasara.

Ba sai mun je nesa ba. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, mai horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Da neman 'yan wasa ya fara aiki, har ƙungiyar Toronto ta ci kofi a 2019 yana shugabanta.

Saboda haka, malamai, ku dubi abu huɗu ban da tsawo: saurin ƙafa, da jin magana, da yarda ya miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo, da riƙon karatu, don wanda aka kora daga aji ba ya sake shiga fili. Kada kuma ku yi gaggawar yabo ko kushe, an ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ku ba kowane yaro ko da shekara biyu kafin ku ce ga gwani.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani akawu, Dandume.