Wasan ches: me ya sa tazarar maki 73 ta ɗauki kusan awa 8 kafin ta bayyana?

A ranar 3 ga Disamba 2021, a birnin Dubai, Magnus Carlsen na Norway da Ian Nepomniachtchi na Rasha suka buga wasa na shida a gasar kambun duniya ta ches, wanda a Faransanci ake kira échecs. Wasanni biyar na farko duk an tashi kunnen doki.

Hukumar FIDE tana auna ƙarfin ƴan wasa da makin Elo: wanda ya doke na sama da shi ya ƙaru sosai, wanda na ƙasa ya doke shi ya ragu sosai. Carlsen na da 2855, abokin karawarsa 2782. A lissafi, wannan tazara na nufin na sama zai kwashi kusan kashi 60 cikin 100 na maki idan aka yi wasanni da yawa. Ba ta faɗin wanda zai ci yau.

A ranar, juriya ce ta raba gardama. Daga ƙarshe Carlsen ya rage da hasumiya, doki da sojoji biyu, Nepomniachtchi kuma da sarauniya. Kwamfuta ta nuna canjaras ne, har sai da ɗan Rashan ya kuskure a motsi na 130. Ya miƙa wuya a na 136, bayan awa 7 da minti 45, wasa mafi tsawo a tarihin gasar.

Daga nan bai sake farfaɗowa ba. Ya faɗi wasanni uku cikin biyar da suka biyo baya, Carlsen ya riƙe kambunsa da maki 7.5 da 3.5.