Kwana Tara Ina Yi Wa Ƙanena Dariya

Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu a Sabon Gari, nan Jalingo, labari ya shigo wayoyinmu cewa hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta tuhumi Manchester City da karya dokokin kuɗi har sau 115. Ni ɗan Barcelona ne tun zamanin Ronaldinho da Eto'o. Ƙanena kuwa, mai tuƙa keke tsakanin Road Block da Mile Six, ɗan City ne na gani-kashe-ni. Ban iya jira ya tashi daga aiki ba, na danna masa kira.

"Ka ji an kama ɓarayi?"

"Yaya, ina da fasinja," ya ce, ya kashe wayar.

Kwana tara na yi ina gasa masa aya a hannu. In ya gaishe ni sai in amsa da "ɗari da sha biyar". Ranar Laraba 15 ga watan, wani gidan rediyon Sifen mai suna Cadena SER ya fallasa cewa Barcelona ta daɗe tana biyan kuɗi ga kamfanin José María Enríquez Negreira, wanda a lokacin biyan shi ne mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa na ƙasar. Da farko an yi maganar shekara uku ne, da bincike ya yi nisa sai ga fiye da Yuro miliyan 7, daga 2001 zuwa 2018. A daren wannan Larabar City ta bi Arsenal har gida ta ci ta 3-1. Da muka fito daga gidan kallo, yaron nan ya rage murya kamar mai neman shawara, ya ce, "Yaya, don Allah nawa ake sayar da rafali a Sifen?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne dalilin wannan rubutu. Ban tambayi ko gaskiya ne ba. Cewa na yi aikin jaridun Madrid ne, su Marca da AS, waɗanda ba su taɓa son mu da alheri ba. Sai daga baya na gane cewa shirin da ya tono maganar a birnin Barcelona ake yin sa. Da wannan ƙofa ta rufe na koma ga "ai kowa na yi", daga nan na faɗa kan hassada. Kalmomin da ƙanena ya kwana tara yana faɗa mini ina yi masa dariya, su na kwashe kaf ban rage ko ɗaya ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Bari in warware wa wanda ba ya bin ƙwallo abin da ake zargi, don a gidan kallo ihu ya fi bayani yawa. A Turai akwai doka da ta hana kulob kashe kuɗi fiye da kima a kan abin da yake samu, ko da mai shi yana da rijiyar mai. Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi City a 2008. Zargin shi ne, tsakanin 2009 da 2018 kulob ɗin bai ba da sahihin bayanin kuɗinsa ba, wato kuɗin mai gida ake shigowa da su da rigar kuɗin talla, kuma bai bai wa masu bincike haɗin kai ba. Mujallar Der Spiegel ta Jamus ce ta fara baza wasiƙun cikin gida na kulob ɗin a 2018. A Fabrairun 2020 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta dakatar da City shekara biyu daga gasanninta, da tarar Yuro miliyan 30. A Yulin wannan shekarar kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta soke dakatarwar, ta rage tarar zuwa miliyan 10. Kotun ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacin shigar da su ya wuce. Ƙanena rabin farko ya haddace, 'yan United da 'yan Arsenal na unguwarmu suka haddace rabi na biyu, alhali duka a takarda ɗaya suke. City ta musanta tuhumar Firimiya ma, an saurari shari'ar daga Satumba zuwa Disambar 2024.

Barcelona kuwa ba ta musanta biyan kuɗin Negreira ba. Cewa ta yi ladan rahotanni ne a kan halayen alƙalan wasa, kuma ba a fito da wani wasa takamaimai an ce ga shi an saya ba. Na riƙe wannan hujja gam. Abin da ban so a tuna mini shi ne an daina biyan kuɗin ne a shekarar da mutumin ya bar kujerarsa. Shugaban kulob ɗin, Joan Laporta, da ya kira taron 'yan jarida a Afrilun 2023, sai ya karkata ga Real Madrid da tarihinta da gwamnatin Janar Franco, Madrid ta mayar da martani da bidiyo. Ashe manyan ma irin musun bencinmu suke yi, bambancin kawai su da kwat.

Magoya bayan can ba su fi mu ba. 'Yan City sun shekara da shekaru suna yi wa taken gasar Zakarun Turai ihu. A wasansu na farko a gida bayan tuhumar, da Aston Villa, sun ɗaga ƙyalle mai ɗauke da sunan lauyan kulob ɗin, Lord Pannick. Tun da nake kallon ƙwallo ban taɓa ganin an yi wa lauya kirari a fili ba sai ranar. A Italiya, bayan badaƙalar 2006 da aka kama shugabannin Juventus suna tsoma baki wajen zaɓen alƙalai, an ƙwace mata kofi biyu, aka jefa ta rukuni na biyu. Har yau a littafin hukuma kofinta 36 ne, a bakin magoya bayanta 38.

Kada a ɗauka ina cewa mai goyon baya kullum shi ne marar gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jarida kasuwa ce, kuma labarin babban kulob ya yi maguɗi ya fi labarin an wanke shi ciniki. Hukumomin ma ba su cika auna kowa da mudu ɗaya ba. A Nuwamban 2023 an zabtare wa Everton maki 10 a kan laifi guda na kashe kuɗi, daga baya aka mayar da shi 6, yayin da mai tuhuma 115 ke ta ɗaga kofi. Magoya bayan Everton da suka cika filin Goodison da katuna masu zargin hukumar da rashawa suna da abin faɗa, ko da an ce shari'o'in biyu ba girmansu ɗaya ba.

To amma me ya haɗa ɗan Magami ko Mayo Gwoi da asusun wani kulob a Manchester? Na daɗe ina juya wannan tambaya. A gidan kallo ba a san ka da sunan yanka ba, da ƙungiyarka aka san ka. In an ce Barcelona ta sayi rafali, ba Laporta ne zai sha tsiya a wurin mai shayi ba, ni ne. Sannan duk daren da na kwana ina murna zamanin Guardiola, tsakanin 2008 da 2012, ya faɗo cikin shekarun da ake biyan kuɗin nan. Wa zai yarda cikin sauƙi a ce farin cikin ƙuruciyarsa akwai gishirin haram a ciki? Mafi yawan lokaci abin ba ya wuce barkwanci irin na Fulani da Barebari, a yi dariya a watse. Wani lokacin kuma har a daina gaisawa.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne da na waiwayo gida. A Yulin 2013, a nan maƙwabta Bauchi, ƙungiyoyi biyu suna neman gurbin hawa rukuni na gaba, makinsu ɗaya, yawan ƙwallo ne zai raba. Aka buga wasannin a lokaci guda. Plateau United Feeders ta tafi hutun rabin lokaci tana cin Akurba 7-0, Police Machine ta Adamawa tana cin Bubayaro ta Gombe 6-0. Da aka tashi, na farko 79-0, na biyu 67-0. A lissafa: ƙwallo 72 cikin minti 45. Ɗauko ƙwallo daga raga a kai ta tsakiyar fili ma yana cin lokaci. Hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasa da jami'ai kuma har abada. Duniya ta yi mana dariya, kuma na tuna a majalisarmu abin da ya fi ƙona wa wasu rai ba cogen ba ne, wai don me Turawa suka yayata.

Haka aka yi a 2009, da muka karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Adokiye Amiesimaka, tsohon ɗan wasan Green Eagles da suka ci kofin Afirka a 1980, kuma lauya, ya rubuta a jarida cewa ya san kyaftin ɗin ƙungiyarmu tun shekarun baya, kuma ya haura shekarun gasar. Maimakon a zauna a duba maganar, shi aka yi wa ca, wai ba shi da kishin ƙasa. Wannan kuwa a ƙasar da FIFA ta taɓa dakatarwa shekara biyu daga gasannin matasa, a 1989, saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun 'yan wasa. Mun kai wasan ƙarshe a Abuja, Suwizalan ta ci mu 1-0.

Ni kaina ba na manta shekarun da FC Taraba ta yi a babbar gasar ƙasa, 2014 da 2015. Muna cika filin wasa na Jolly Nyame, rana na dukan ƙeya, ga masu ruwan leda da rake. In mun ci a gida, iyawa ce. In an ci mu a waje, an sayi rafali, ko da kuwa ba wanda ya ga wasan a cikinmu. Na zagi mai ɗaga tuta a kan satar gidan da na san a raina gaskiya ya kama. Ƙungiyar ta faɗi a 2015, sai ga labarin 'yan wasanta suna zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati a kan albashin da suke bi. Jaridu ne suka ɗauko wannan labari, su ɗin dai da muke kira maƙiya. Mu da ke iya kwana musu a kan kuɗin tallan City, ban ga mun yi rabin wannan zafin a kan haƙƙin yaran da muke haɗuwa da su a kasuwa ba.

Yanzu in labarin zargi ya fito, nakan gwada wata dabara kafin in buɗe baki: in cire sunan Barcelona in sa Real Madrid, in ji ko zan yarda. A kan Negreira na gwada, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Da Madrid ce ta biya mataimakin shugaban alƙalai shekara 17, da ban jira kotu ba. Ban daina son ƙungiyata ba, rigar Messi na nan a rataye, amma na daina cewa ƙarya ce. Nakan ce kuɗin nan bai kamata a biya su ba, ko an sayi wasa ko ba a saya ba.

Ƙanena bai kai nan ba tukuna, shi har gobe sharri aka yi musu. In ya ɗauke ni a kekensa daga Hammaruwa zuwa gida ba ya karɓar kuɗina. Cewa yake in ajiye, in haɗa wa rafali.